Kalla da takardar Rafi'u

Kalla ya iso Zongon Wagadugu daga Tawa yana ɗan shekara ashirin, ba shi da takarda ko ɗaya. Gidan gwaggonsa Habi ya sauka. A damanar nan ɗanta Rafi'u, sa'an Kalla, ya rasu da zazzaɓi. Bayan sadakar arba'in Habi ta ciro takardar haihuwar Rafi'u ta miƙa masa.

"Je ka yi katin shaida da ita," in ji ta. "Ba kati, ba mai ba ka mota."

Haka aka yi. Shekara talatin yana tuƙa babbar mota tsakanin Wagadugu da Lome. A kowane shinge jandarma ya kira Rafi'u, ya amsa. A gida da masallaci kuwa Kalla ne. In direbobi suka kama gardamar kati a tasha, wasu na cewa tsaro ne, wasu na cewa gwamnati ta shiga har aljihun mutum, shi dai sai ya shanye shayinsa ya tashi.

Ranar da 'yarsa Munira ta je yin nata katin, ta dawo da takardar haihuwarta a hannu.

"Baba, wane ne Rafi'u? Shi aka rubuta ubana."

Ya zaunar da ita ya gaya mata komai. Da ya gama, ta ce, "Ina son sunanka a nawa katin."

Kalla ya sami wani tsohon magatakardan kotu a unguwar Larle ya yi masa bayani a asirce. Mutumin ya ce gyara sai kotu, kuma in an soma, takardun yaran Kalla huɗu duk za su shiga ciki, shi ma ba lalle ya tsira ba. Kalla ya dawo gida a ƙafa, ya bar maganar gyara. Munira ta karɓi katinta yadda yake, ta jefa shi ƙasan jaka. Wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Bara ciwon ƙafa ya raba shi da tuƙi. Habi ta tsufa, hankalinta ya fara gushewa, ta daina gane mutanen gidan. Kalla kaɗai take yarda ya ba ta koko.

"Rafi'u, ka dawo?" take cewa kowace safiya.

"Na dawo, Inna."

Munira ce ke dama kokon. Takan miƙa masa kwanon, ta tsaya a bakin ƙofa har tsohuwar ta gama sha.