Kwalin Alewar Lauya Kuwabara

Marigayi Kuwabara Teruhiko ya ƙare ƙuruciyarsa yana kare mutane a kotun garin Matsue, kuma matarsa Sumie ba ta taɓa jin ya yi magana bai bar wa kansa ƙofar fita ba. Ko ruwa ake tafkawa, sai ya ce bisa dukkan alamu ana ruwa. Da ya yi ritaya ta zaci kamun kifi zai koma, kamar sauran tsofaffin unguwa. Sai ya ce labaran kisan kai zai riƙa rubutawa.

Matsalarsa ɗaya, bai iya ƙirƙiro mutum ba. Duk wanda ya sa a littafi maƙwabci ne da aka sauya wa suna, shi kuwa ya san abin da doka ta ce kan ɓata suna. Don haka kafin ya fara rubutu sai ya sa kwat ɗinsa ta kotu, ya ɗauki kwalin alewar jan wake ya nufi gidan mutumin, kamar yadda mai shirin gini ke zagaya maƙwabta yana ba su haƙurin ƙarar da za su sha.

Adachi mai aski aka fara kai wa.

"Malam Adachi, ka yi haƙuri. Za ka kashe mutum a littafina."

"Ni, Lauya? Wa zan kashe?"

"Ban je gidansa ba tukuna."

Littattafan ba su yi kasuwa a wajen Matsue ba, domin kowane mai kisa sai alƙali ya sallame shi saboda rashin isasshiyar hujja. Amma a unguwa kwalin ya zama abin taƙama. Mai awara ta daina amsa gaisuwar Lauya har sai da ya yarda ta zuba wa wani guba a littafinsa.

Sumie ce ke naɗe kowane kwali a ƙyalle. Ta naɗe na mai aski, ta naɗe na mai awara, har na mai kula da wurin ibada. Nata bai zo ba. Ta karanta littattafan kaf tana neman wata mata mai kama da ita, ko da gawa ce, ba ta samu ba. Tambaya kuwa a wurinta roƙo ne.

"Matar Lauya, ke yaushe za ki kashe naki?" in ji mai awara.

"Ba na gaggawa," in ji Sumie, fuska a sake. Amma ranar ta dawo gida ba awarar.

A shekarar da ciwo ya kama Lauya, wata rana da la'asar aka danna ƙararrawar ƙofa. Sumie ta buɗe, sai ga mijinta cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa, riƙe da kwali mai karkataccen ƙulli.

"Maigida, makullinka ne ya ɓata?"

"A'a. Wurin matar gidan na zo." Ya rusuna. "Ki yi haƙuri. Za ki kashe mijinki, wani lauya mai kwana-kwana."

"Da me?"

"Ban yanke shawara ba."

"Ai da ka tambaye ni. Na daɗe da tsarawa." Ta karɓi kwalin da hannu biyu. "Ni ma sallamata za a yi kamar kowa?"

"Ke ba a ma kama ki ba. Duk shaidun da aka kira cewa suka yi kin yi haƙuri."

Ta matsa gefe ta ce baƙo ya shigo, ya cire takalmi.

Ya gama littafin kafin ya cika. Har yau Sumie na ajiye masa alewar wake a gaban hotonsa, kuma takan tuna masa cewa kwalin mai awara ya fi nata girma.