Ranar da Suka Ɗaga Ƙanena Sama

Ƙanena gola ne, ko in ce gola ne a da. Tun yana ƙarami in aka raba yara biyu a layinmu na Ɗan Iya ba ya jira a tura shi raga, da kansa yake zuwa ya tsaya tsakanin duwatsu biyu, ya dawo gida gwiwoyi duk a ɗaye. Ni ban taɓa iya ƙwallo ba, ƙafata ta dama da ta hagu duk ɗaya suke wajen rashin amfani, don haka na zama ɗan kallo, kuma na riƙe kallon da gaske. Duk inda ƙungiyar unguwarmu za ta buga ina bayan ragarsa. In aka juya bayan hutun rabin lokaci, ni ma sai in tattara in juya.

Babanmu yana da shagon yadi a kasuwar Wunti, ni nake tsare masa. Bai taɓa zagin ƙwallo ba, amma bai taɓa ɗaukar ta sana'a ba. A shekarar da nake magana sa'o'in ƙanena duk sun yi aure, shi yana nan da safar hannunsa da ta sha ɗinki har ta gaji. Baba ya kira mu mu biyu ya ce wannan kakar ita ce ta ƙarshe. In ƙwallo ta kai shi wani wuri, Allah ya sa albarka. In ba ta kai shi ba, ga shago nan. Ƙanena ya ce ya ji. Sai kuma Allah ya yi a wannan shekarar ƙungiyarmu, wadda ko motar kanta ba ta da ita, ta ratsa har wasan kusa da na ƙarshe a kofin jiha, kuma kowa ya san da hannun wa aka kai nan. Labari ya zo cewa kocin wata babbar ƙungiya daga wata jiha zai zo kallo, gola yake nema.

Ranar wasan Lahadi ce, cikin damina. An yi ruwa da safe ya ɗauke, gari ya yi luf. Ƙanena ya taɓa masar da Inna ta zuba masa ya ture kwanon. Ta bi shi har zaure da addu'a. Ni kuma na biya unguwar Fadaman Mada na ɗauko abokin kallona, wani kafinta mutumin kudancin jihar nan, wanda dawowarsa ke nan daga coci ya tuɓe kayan Lahadi ya saɓi gangarsa. Shekara da shekaru wuri ɗaya muke tsayawa da shi, shi ya buga ni in yi ihu. Muka matsu a keke mai ƙafa uku, gangar a kan cinyoyinmu, mai keken yana ta mita wai za mu yaga masa kujera.

A babban fili aka yi wasan, bayan la'asar. Muka yanki tikiti muka shiga. Mu da muka san ƙungiyar tun tana bugawa a filin firamare ba mu da yawa: teloli, makanikai, masu wanki da guga, da wasu mata 'yan uwan 'yan wasa da suka zo da lema. Gefe ɗaya ya ishe mu. Can a ɓangaren inuwa aka nuna mini baƙon kocin, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da hular hana-salla a kansa. Gaskiya ranar na fi kallon mutumin nan fiye da ƙwallon.

Abokan karawarmu irin ƙungiyoyin nan ne masu mota da riguna kala biyu, da ganin 'yan wasansu ka san suna cin abinci. Amma kafin a tafi hutu muka samu bugun kwana, wani dogon ɗan bayanmu mai gyaran fanka ya sa mata kai, ta shige. Kafinta ya kusa fasa fatar gangarsa. Daga nan kuwa wasa ya koma gidanmu gaba ɗaya, kamar an karkata filin. Suka buga ta ƙasa, ƙanena ya kwanta ya rungume. Suka buga ta sama, ya ture ta da yatsu ta haye turke. Akwai wadda ɗan gabansu ya fito daga shi sai shi, ƙanena ya fito ya shimfiɗe a ƙafafunsa ya ɗauke ta kamar ya tsinci kayansa. Na waiga inuwa, sai na ga baƙon ya sauke ƙafarsa, ya sunkuyo gaba, yana nuna ragarmu yana tambayar na kusa da shi wani abu. Wallahi sai da na ji hawaye ya zo mini.

Akwai wata al'ada a filayenmu wadda duk mai zuwa kallo ya sani. In wasa ya kusa tashi, masu tsaron ƙofa sukan buɗe ta a bar kowa ya shigo kyauta. A da ina ganin abin kirki ne, har nakan ce ai a bar talaka ya ga ƙarshen wasa. Yanzu ko a mafarki na ji ƙarar sakatar nan raina ɓaci yake yi. Waɗanda suke shigowa a lokacin ba su sha rana da mu ba, ba su san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. Suna waje suna shan rake, in aka buɗe su kwararo, su tambayi wa ke ci, shi ke nan sun zama nasa. Ranar kuma har ƙaramar ƙofar da ke shiga cikin filin an bar ta a buɗe, don haka ba su tsaya a wurin zama ba. Suka cika bakin layi, suka cika bayan raga, suka ture mu da muke nan tun farko. Wani ƙato mai farin kaftani ya dafa kafaɗata yana haki ya ce, "Malam, waɗanne ne namu?" Na ture hannunsa daga kafaɗata.

Saura kaɗan a tashi ƙwallo ta taɓa hannun ɗan bayanmu, alƙalin wasa ya nuna fanareti. Ba zan yi masa ƙarya ba, ta taɓa. Fili ya yi tsit, kafinta ya ɗora tafinsa kan ganga. Ƙanena ya tsaya a kan layi ya buga safar hannunsa, ɗan wasansu ya taho ya narka ta ƙasa ta hagu, ƙanena ya bi ta. Ba ture ta ya yi ba, kama ta ya yi, ya kwanta a kanta.

Muna da wata al'adar kuma, ita ce duk wanda ya yi abin bajinta a ɗaga shi sama. Amma mu da muka san abin mun san lokacinsa. Sai an hura usur na ƙarshe, kuma mutanen da suka san juna ne suke yi, su riƙe ƙugu su riƙe ƙafafu, su zagaya da mutum su sauke shi a hankali. Waɗannan ba su san wannan ba, su dai sun ga ana yi. Kafin ƙanena ya miƙe sun auka cikin fili, mai farin kaftani a gaba. Suka sure shi da ƙwallon a ƙirjinsa, yana ce musu ba a tashi ba, ba a tashi ba, ba wanda ya ji. Ba su ma tsaya a ɗagawa ba, cilla shi suka yi. Na farko suka cafe. Suka sake cilla shi, daidai lokacin masu tsaron fili suka iso da dorina. Kowa ya yi ta kansa, suka watse suka bar shi a sama.

A kan kafaɗarsa ta dama ya sauka. Ina daga bayan raga amma na ji ƙarar. Na tsallaka na isa wurinsa, kafinta yana biye da ni yana ture mutane da gangar yana cewa, "Ku ba shi iska, kafaɗan ya fita, ba ku gani ne?" Mai ba da agajin ƙungiyarmu ya taka ya ja hannun, ƙashin ya koma, ƙanena ya ciji wuyan rigarsa har ya yage. Kocinmu ya riga ya ƙarar da canjin 'yan wasansa, ya ce ƙanena ya fito a ba wani ɗan baya safar ya tsaya. Ƙanena bai ko kalle shi ba. Ni ya kalla, fuskarsa duk gumi da ciyawa.

"Yaya, yana nan? Yana kallo?"

Bai jira amsata ba, ya ɗaga kai ya duba inuwa da kansa. Mutumin yana nan, a tsaye ma. Sai ƙanena ya miƙe ya koma raga, hannun dama a manne da cikinsa.

An daɗe kafin a kore mutane, kuma duk lokacin da aka ɓata alƙalin wasa ya ƙara shi. Abokan karawarmu kuwa ba makafi ba ne. Kwanar farko da suka samu suka ɗaga ta sama ta damansa. Ya yi tsalle da hannu ɗaya, ɗayan ya ƙi tashi, ƙwallo ta wuce ta kan yatsunsa wani ya tura ta ciki. Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka tafi bugun fanareti kai tsaye.

Wannan ne abin da ba na son tunawa, kuma shi ne ba ya barina. Duk wanda ya zo bugawa a cikinsu wuri ɗaya yake sa ta, sama ta damansa. Ƙanena ya san nan za ta, filin gaba ɗaya ya sani. Kowane bugu sai ya bi ta, ya faɗi a kan wannan kafaɗar, ya tashi da ƙyar, ya sake tsayawa. Ko ɗaya bai taɓa ba. Namu suka zubar da guda, shi ke nan aka fitar da mu. Da na waiga inuwa kujerar baƙon babu kowa, an ce tun kafin bugun ƙarshe ya sauka ya nufi motarsa.

A hanyar fita na ji abin da ya fi faɗuwar ciwo. Mutanen nan dai, su ɗin dai, suna tafe suna tofar da ɓawon rake suna cewa ai golan ya sayar da wasa, wane irin gola ne za a buga masa wuri ɗaya ya kasa kamawa. Kafinta mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya zagi kowa ba, amma ranar sai da na riƙe masa hannu don ya ɗaga makaɗin gangarsa zai sauke a kan wani.  Na tsani garin nan a wannan yammacin, na tsani duk wanda na gani da fara'a. Muka sa ƙanena a tsakiyarmu a keke, duk ramin da aka faɗa sai ya runtse ido, har muka isa asibiti.

Kafaɗar ta warke, irin warkewar da ake cewa alhamdu lillahi. Yana cin abinci da hannun, yana auna yadi, yana yanka. Amma ba ya wuce saitin kunnensa. Baba bai taɓa tuna masa maganar da aka yi ba, ko sau ɗaya. Wata safiya dai muka zo shago muka tarar an ƙara kujera ɗaya a bayan kanta. Safar hannun tana gida a cikin akwatin Inna, ita ta ɗauke ta. Kafinta har yanzu yakan biyo ta shago ranar wasa da gangarsa, ya gaishe mu ya wuce shi kaɗai, don ni ban sake taka filin nan ba.

Ana gab da wata Sallah, kasuwa ta cika, sai ga mai farin kaftani ya shigo da abokinsa neman shadda. Ni na gane shi tun daga bakin ƙofa. Shi ma da ya ƙura wa ƙanena ido sai ya washe baki, ya kama hannunsa yana girgizawa, wannan hannun dai. Ya juya wurin abokinsa cike da alfahari ya ce, "Ka ga wannan? Gola ne na gaske. Ranar da ya kama fanareti ni na fara ɗaga shi sama." Bai ma san abin da ya biyo baya ba, ko kuwa ya manta, ban san wanne ya fi muni ba. Na buɗe baki, ƙanena ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin kanta.

Mutumin ya gama dube-dubensa ya nuna wata ruwan toka a can layin sama, ya ce ita yake so. Ƙanena ya juya ya ɗaga hannu, hannun ya kai kunne ya tsaya. Ya ɗan jima a haka yana kallon shaddar, sannan ya sauke shi a hankali.

"Yaya," ya ce, "sauko masa da ita."