Farantan Inna a Bangon Laka

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari tana shekara shida, wata ƴar ƙara ce ta jawo mini komai. Ina shara a ɗaki, tsintsiya ta taɓa kwalin da ke ƙarƙashin gado, na ji "ƙwal". Farantan mahaifiyata ne suka gogi juna.

Na tangaran ne, masu shuɗin fure a baki, da kofunan shayinsu. Mahaifina ya kawo mata su daga cin rani tun ban san kaina ba. Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa zuba ko gero a cikinsu ba. A garinmu Kore Mairuwa sai ranar salla take fiddo su ta goge, mu kalla daga nesa, ta mayar. Da ciwonta ya yi nauyi ta ce a ba ni. Ni kuma na kawo su gidan aurena a Dogon Dutsi na tura ƙarƙashin gado. Da na ji ƙarar nan sai kunya ta kama ni, kamar Inna ce ta yi gyaran murya.

A makon na je barka gidan wata ma'aikaciya, na ga abin da ya tsaya mini a rai. Akwatunan katako ne masu ƙofar gilashi, uku, ɗaya bisa ɗaya, manne da bangon falo, babu ƙafa ko ɗaya a ƙasa. Ana share ƙarƙashinsu ba a ɗaga komai ba. Na sha kunun barkar, amma wallahi ban ga fuskar jaririn da kyau ba.

Maigidana yana koyarwa a Ɗan Kassari a lokacin, sai ƙarshen mako yake zuwa. Da na gaya mishi irinsu nake so, ya ce in kira kafintan unguwa, abin da ya ce shi ke nan. Kafintan dattijo ne, mai fensir a bayan kunne. Ya shigo da sallama, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kara kunne, ya sake ƙwanƙwasawa can gefe.

"Madam, wanga bango laka ne. Rigar siminti aka sa mishi."

Na ce, "Baba, ai gidan da na gani haka aka yi."

"Can bulo ne har ciki. Nan ƙusa za ta shiga da daɗi, kuma da daɗi za ta fito. Bari in yi musu ƙafafu su tsaya ƙasa, kamar kowa."

Kalmar "kamar kowa" ce ta ɓata mini rai. Na yi kolej, na san ƙusa mai murɗi ta fi ta bugawa riƙo, sai na ɗauka ilmin nawa ya kai. Na ce ya samo dogaye, ya ƙara yawansu. Ya yi dariya ya ce, "To, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo." Na ji daɗin karin maganar, ban gane da ni yake ba. Da maigidana ya tambaya a waya, na ce kafinta ya ce za a iya. Wannan ma na nemi gafarar Allah a kansa.

Aka kawo akwatunan a amalanken jaki, aka ɗaure ukun da juna, aka kafe. Na jera farantan a na tsakiya, kofuna a na ƙasa, na saman kuma na cika shi da littattafan maigidana don kada ya zauna wofi. Duk rani suna nan daram. Baƙi su shigo su ce tabarkalla, ni kuwa in ce ai ba komai ba ne, zuciyata tana rawa. Ɗiyata ta mayar da ƙarƙashinsu wurin zamanta, nan take shimfiɗa ƴar tabarma ta yi aikin lakol, wato na makaranta.

Da damina ta yi nisa, aka kwana uku ana ruwa. Indararonmu ya tsage, ruwa yana bin bayan bangon, ban sani ba. Ranar ta huɗu bayan la'asar, na sallame ke nan, na hangi jar ƙasa tana zuba siririya a gefen tabarmar ɗiyata, tana zaune a kai. Na ɗaga kai. Akwatin sama ya rabu da bango har hannu zai shiga, yana jan na ƙasansa.

Na tashi da hijabin salla na tare shi da hannu biyu. Nauyi kamar buhun gero. Abin da ya fito daga bakina, shi ne har yau nake jin nauyin faɗa. Ban ce mata ta gudu ba.

"Maza tashi, buɗe ki fiddo farantan Kaka!"

Ta tashi, yarinya mai jin magana, ta shigo tsakanin hannuwana, ta yi ɗage ta buɗe gilashin. Ta ɗauko ɗaya. Ta miƙa hannu za ta ɗauko na biyu, sai na ga ƙasa tana zubo mata a kan kitso, a kan ƴar tsagar da na yi mata da hannuna da safe.

"Fita! Fita waje!"

"Mama, saura da yawa."

"Na ce ki fita!"

Sai da na ga ƙafarta ta ƙetare ƙofa na saki, na yi baya. Ukun suka sauko tare da rabin rigar simintin, daidai kan tabarmar. Gilashi ya yanke ni a ƙafa, ban ma ji ba sai da maƙwabta suka shigo suna salati.

Washegari kafintan ya zo. Na shirya jin gori. Ya dubi ramin, ya dubi yarinyar, ya ce, "Alhamdu lillahi da abin ya tsaya kan tangaran." Ya gyara biyun da suka gyaru, ya yi musu ƙafafu. Suna nan a ƙasa har yau, ina ɗaga su in share. Ranar Asabar na gaya wa maigidana gaskiyar abin da dattijon ya faɗa tun farko.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Taurin kaina da kafinta bai dame ni sosai ba, kowa yana yin wauta. Abin da ke tsorata ni shi ne ɗan lokacin nan da na ga ɗiyata a matsayin hannun da zai ceto faranti. Ina son Inna, ina kewarta, sai kewar ta rufe mini ido daga amanar da take tsaye a gabana tana numfashi. Inna kuwa da tana raye, da ita za ta fara marina.

Ranar, bayan mutane sun watse, na zauna cikin tarkacen ina tsintar shuɗin furanni ina kuka, ni kaina ban san wanne nake yi wa ba. Ɗiyata ta zo ta tsaya a gabana, farantin nan guda ɗaya rungume a ƙirjinta, har lokacin da ƙasa a kanta. Ta leƙa fuskata ta ce:

"Mama, ki bar kuka. Ni ai ban fashe ba."