Rinin da Ya Shiga Dawakan Belinda

Da na dawo gida Lameroo bayan shekara goma sha ɗaya ina karatun sinadarai a Turai, sai mutane suka yi ta ce mini in je in ga Noelene Kuchel, wai tana cire tabo daga jikin dawakan roba na wasan yara da man ƙurajen fuska da hasken rana. Ban ga abin gani a ciki ba. A iya sanina, rinin da ya shige cikin roba ya shiga ke nan. Ban kuma yarda mace mai shekara saba'in da huɗu za ta ƙarar da kwanakinta a kan abin wasan da aka daina yayinsa tun ina rarrafe ba, sai dai in da wani dalili da ba a faɗa mini ba. Na dai je. Ga abin da na ji daga bakinta da bakin ƙaninta.

Noelene ta yi shekara talatin da shida a ɗakin wanki na asibitin gari. Ba ta yi aure ba, ba ta kuma taɓa nuna abin ya dame ta ba. Ta san jini ruwan sanyi yake so, ta san tabon shayi ba ya son a bar shi ya kwana, kuma da ta murza bakin bargo da yatsa biyu za ta gaya maka ko zai zuba. Matan gari sukan kawo mata rigar amarya da ta yi shekara ashirin a akwati, ta mayar musu da ita fara sol. Idan akwai mutum ɗaya a duk yankin da bai kamata rini ya yaudare shi ba, to ita ce.

Ƙaninta Lyall manomin alkama ne, yana kuma kiwon tumaki. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Belinda, tana da shekara shida. Rabin renon yarinyar a hannun Noelene aka yi shi. Duk ranar haihuwarta sai ta sayo mata dokin roba guda, mai doguwar geza da ake tajewa, har suka kai bakwai. Daga nan Belinda ta ce ta girma, don lokacin tana da dokin gaske, wani ɗan kuru mai taurin kai da ake kira Biskit. Kowace Oktoba takan hau shi a bajekolin gari, ta dawo da doguwar ɗamarar ulu irin wadda ake rataya wa dokin da ya ci: shuɗiya ga na ɗaya, ja ga na biyu, fara ga na uku. Jajayen sun fi yawa, don Biskit ya tsani tsallake na ƙarshe.

A farin da aka yi a 1994 ciyawa ta ƙare, ruwan dam ya ƙafe. Lyall ya rage tumaki, ya sake ragewa, sannan wata Talata da Belinda take makaranta ya sayar da Biskit bai gaya mata ba. Ya ce ba zai iya kallon fuskarta ba ne. Ita kuwa ta ce ai da ya kalla. Shekara na ƙarewa ta tafi Perth. Takan bugo waya ranar Kirsimeti su yi zancen ruwan sama. Sau biyu ta zo cikin shekara ashirin da tara, duka biyun a otal ta kwana.

Noelene ce ta kwashe ɗakin yarinyar. A nan ba a zubar da ɗamarar bajekoli, ba a kuma ninke ta haka kawai a ajiye. Kofin da aka ci ko wani abu mai daraja ake naɗewa da ita. Don haka ta ɗauki kowane dokin roba ta naɗe shi tam da ɗamara guda, ta jera su a akwatin ƙarfe, aka kai rumfar kwano da ke bayan gida.

Ƙarshen Agustan bara, da hantsi, a-kori-kurar Lyall ta tsaya a ƙofar Noelene da akwatin a baya. Ya shigo ko hula bai cire ba.

"Ta bugo," ya ce.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, tsohuwa. Za ta zo bajekoli da 'yarta. Wai ko dawakanta na nan, tana so ta ba yarinyar."

"Kai da bakinka ba ya rufuwa, me ka ce mata?"

"Na ce suna nan lafiya lau."

"Ka duba?"

"Ina zan duba? Ai ke kika ɗaure."

Noelene ta gane nauyin maganar ba sai an faɗa ba. Tunda Belinda ta bar gida, wannan ne karo na farko da ta nemi wani abu daga hannun ubanta. Kuma ta ce a gidan gonar ubanta za ta sauka.

Suka buɗe akwatin a kan teburin kicin. Na farko da ta warware, mai ruwan ƙwai, ya fito da shuɗin zane ya zagaye cikinsa kamar an ɗaura masa majanyi. Na biyu jan tabo daga wuya har gindin wutsiya. Farin da ke cikinsu, wanda Belinda ta fi so, ya koma kamar naman da aka yanka. Ko saƙar ulun ana gani a jikinsa. Guda ɗaya kaɗai ya tsira, wanda aka naɗe da farar ɗamara.

Lyall ya zauna. "Shi ke nan. Na sayar da na gaske, na lalata na roba."

"Tashi ka ba ni wuri," in ji Noelene. "Tabo ne. Ka taɓa ganin tabon da ya gagare ni?"

Wannan ya gagare ta. Ta sa sabulu, ta sa soda, ta sa ruwan tsami, ta jiƙa ɗaya a bilic. Ta goga har yatsunta suka yi fari, jikin dokin ya yi tsaf yana sheƙi, jan kuwa yana nan daram. A kwana na huɗu ta ɗauki reza ta ɗan kankare ƙarƙashin kofaton farin, inda ba a gani. Ta ga jan ya wuce fata, yana can cikin naman robar.

Matar da ke kula da ɗakin karatu na gari ce ta haɗa ta da wata mai tara irin waɗannan dawakai a Adelaide. Suka yi awa guda a waya, Noelene tana rubutu a bayan ambulan. Robar da ake yin su da ita, in ji matar, asalinta tauri gare ta, sai an cuɗa ta da wani mai take laushi. Man nan ba ya zama wuri ɗaya. In zafi ya yi sai ya taso, ya narkar da duk rinin da ya taɓa, ya janye shi ciki. Ja da shuɗi mai duhu sun fi saurin bi. Tawadar jarida ma haka, da biro, da takardar ado mai launi, har gezar wani dokin in ta kwanta a jikin ɗan'uwansa. Ba a bukatar ruwa ko ɗigo. Zafi, da matsi, da daɗewa, sun isa.

A nan ne Noelene ta ajiye biron. Duk rayuwarta ta san rini da ruwa yake tafiya. Ta tuna har taɓa ɗamarun ta yi a wancan lokacin, ta ji su a bushe ƙamas, ta ce ba komai. Bazara ashirin da tara ke nan a ƙarƙashin kwano, inda a Janairu, tsakiyar zafinmu, ko ƙarfe ba ya taɓuwa, kuma ita ce ta ja naɗin da ƙarfi don kada ƙura ta shiga.

Maganin, in ji matar, shi ne man ƙurajen fuska. A shafa a kan tabon kawai, a rufe da leda mai laushi, a ajiye a rana, da yamma a wanke a duba. Gobe a sake. Mai sayar da magani ya dube ta ta saman tabarau da ta nemi kwalba uku.

"Noelene, a shekarunki?"

"Saurayi na yi," ta ce. "Miƙo."

Sai dai a nan rana ba ta da ƙarfi a Satumba, don sanyi bai gama wucewa ba, kuma mako biyar ya rage. Ta shimfiɗa faranti a ƙarƙashin igiyar shanya, tana bin rana da shi daga gabas zuwa yamma. Shuɗin ya fara ja da baya a mako na biyu. Jan ya ƙi. Gaggawa ta sa ta yi abin da da ba za ta bari wata sabuwar ma'aikaciya ta yi ba: ta lafta wa mai ruwan hoda man da yawa, ta bar shi kwana uku ba wanki. Tabon ya tafi, ya tafi da launin dokin, ya bar wani farin faci a kafaɗa wanda ba abin da zai mayar da shi.

Lyall ya kawo shawara a nemo irinsu a musanya. Noelene ta juya masa ɗaya ta nuna masa inda Belinda ta yi wa gezar aski da almakashin tumaki tana 'yar shekara takwas.

"To ki bar laifin a kaina," ya ce. "Ai rumfata ce. Dama ta saba jin haushina, ƙari ɗaya ba zai kashe ni ba. Ke kaɗai take ɗagawa in kin kira. Kada ki ɓata wannan ma."

 Noelene ta gaya mini ta yi kwana goma tana juya maganar, kuma sau da yawa ta ga kamar ya yi gaskiya.

Belinda ta iso ranar Alhamis da 'yarta Isla. An gasa cinyar rago, an ci, an yi zancen hanya. Bayan shayi Noelene ta jera dawakan a kan tebur. Huɗu sun fito tas. Uku kuwa ba su ɓoyuwa: mai facin kafaɗa, da wani mai sauran inuwar ja, da farin. Isla ta rungumi mai askin geza ta shige ƙarƙashin tebur. Belinda ta ɗauki farin ta jujjuya shi. Fuskarta ta canza.

"A rumfa ka jefa su, ko?" ta ce wa ubanta, murya ƙasa ƙasa. "Gida mai ɗaki huɗu, kai kaɗai a ciki. Ko waɗannan ma ba su sami wuri ba."

Lyall ya dubi kofinsa. 

"Ke, Belinda, juyo nan," in ji Noelene. "Ni na naɗe su. Ni na ce a kai rumfa. Ubanki cewa ya yi a jera su a kan kanta a falo, na ce a'a, don na ga yadda yake tsayawa a ƙofar ɗakinki kamar wanda ya manta abin da ya zo ɗauka. Facin nan ma aikina ne, kwanan nan. In faɗa za ki yi, ga ni."

"Ke, Anti? Ke da kika hana ni sa jan safa a injin wanki?"

"Ni ɗin."

Belinda ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta zauna. Ta daɗe tana kallon ubanta.

"A falo, Baba?"

"To, ai ba su cin ciyawa," ya ce.

Ba wanda ya ambaci Biskit a ranar, kuma har yau ba su yi zancen ba. Amma ta kwana huɗu a tsohon ɗakinta. Da za ta tafi ta ɗauki biyar, har da mai facin, ta bar biyu. Noelene ta ce mata jan yana bukatar ranar bazara sosai, kuma ba za ta sa su a gidan waya ba, sai dai a zo a karɓa. Belinda ta zo da Ista ta karɓi ɗaya.

Yanzu ana aiko wa Noelene dawakai daga garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba. Kafin ta taɓa kowanne sai ta tambayi mai shi da me aka naɗe shi da inda aka ajiye shi, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin mako. Ranar da na je, tara ne a faranti suna shan rana, kowanne da ledarsa. Farin na Belinda kuwa yana kan kantar kicin, cikin inuwa, ba mai ba leda, da sauran ja a gefen wuyansa.

Na ce mata ga rana mai zafi ta Disamba fa a waje, in ta fitar da shi ba zai wuce mako uku ba. Me ya sa ta bar shi a ciki?

Ta ci gaba da taje gezar da ke hannunta. "Na sani," ta ce. "Belinda ta ce za ta zo Kirsimeti ta duba shi, in bai gama ba ta dawo da Ista. Lyall kuwa ya fara gyara rufin ɗakin baƙi. Kai a ganinka saurin me nake yi?"