Daavi Esinam, Mai Teburin Rajista a Bakin Iyaka

Duk lokacin da rajistar masu zaɓe ta zo, Daavi Esinam Dogbe ke riga kowa isa gindin mangwaron makarantar Kpedzikope. Da kanta take jera takardu, ta sake dubawa, don ba ta yarda da hannun kowa ba. Akple ɗinta ma, wato tuwon masara, daga gida take ƙunso shi. Shekara ashirin da huɗu, ba wanda ya ga ta karɓi ko ruwan leda daga hannun ɗan siyasa.

Malamar firamare ce, rajistar aikin wucin gadi ne. Amma a ƙauyen da gidan mutum yake Gana, gonarsa take Togo, teburin nan ba wurin wasa ba ne. Wakilan jam'iyyu biyu na zaune dama da hagu, kowa ya zuba wa alƙalaminta ido. Waɗannan su ce an saye ta, waɗancan su ce dama can ba tasu ba ce.

Mutane ba su manta ranar da Togbui Amuzu, tsohon masunci, ya iso gabanta ba. Worlanyo, wakilin ɗaya daga cikin jam'iyyun, ya yi wuf ya miƙe.

"Daavi, dakata. Tsohon nan ɗan Togo ne. Da kunnena na ji ya yi gaisuwa da Faransanci."

"Kai, Worlanyo!" in ji tsohon. "Ni na haƙa kabarin ubanka. Yau ni ne baƙo?"

"Togbui, ba da kai nake ba, doka ce."

Mutum biyun da suka zo tsaya wa tsohon shaida suka soma ja da baya, don an baza cewa duk wanda ya tsaya wa baƙo zai kwana gidan yari. Layi ya fara zarewa. Ita kuwa tun safe ta lura: duk wanda Worlanyo ya tare, daga unguwar masunta yake, inda jam'iyyarsa ba ta taɓa ci ba. Ta tura masa takardar ƙorafi.

"Efo Worlanyo, cika, haƙƙinka ne. Amma ka rubuta sunanka, ka sa hannu. Ni zan yi wa tsohon rajista, kwamiti ya raba mu." Ta ɗaga murya: "Ku dawo layi! Ba mai kama kowa a teburina."

Mutum sha ɗaya Worlanyo ya ƙalubalanta. Ranar zaman kwamiti ta hau babur da tsofaffin littattafan makaranta, masu ɗauke da sunayen 'ya'yansu da jikokinsu. Tara suka karɓi katinsu. Biyu tsoro ya hana su zuwa, abin yana cin ta har yau.

Jam'iyyar masunta ta ɗauka ta yi uwa. Zagaye na gaba ƙanenta Senyo, wakilinsu, ya iso da samari bakwai.

"Daavi, yaran gida ne."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya koya muku karatu?" Ta juya wurin ƙanenta. "Senyo, duk ɗan garin nan ta ajina ya bi. Mayar da su inda ka kwaso su."

Shekara biyu bai taka gidanta ba.

Daavi, ke ce kika hana a kori ɗan gari, kika hana a cusa baƙo. Ke ce kowa ya zarga, ba wanda ya kama da laifi. Uwar layi, mai hannu ɗaya ga kowa!

Watan nan ta ajiye aiki. Jam'iyyun biyu ba wadda ta aiko ko da gaisuwa. Masunta ne suka kawo kwandon kifi, ta karɓa karon farko.

Mun gode, Daavi, Allah ya ƙara lafiya. Ku da za ku gaji kujerarta, za a matsa muku daga dama, a lallashe ku daga hagu. Ku dubi mutumin da ke tsaye gabanku da haƙƙinsa, ku rubuta gaskiya, ko da ɗan'uwanku zai daina gaishe ku.