Tantabarar da Ta Dawo Ba Zare

Duk wanda ya san layin teloli na kasuwar Yelwa ya san Shamsuddeen, dogon telan nan mai sa fensir a bayan kunne. Hannunsa na da kyau a ɗinki, amma ba ɗinkin ne ya sa aka san shi ba. An san shi ne da abu biyu: kiwon tantabaru, da kuma tsoron ruwa. A garin da yara ke koyon iyo tun kafin su iya ɗaura zariyar wando, shi shekararsa talatin da biyu bai taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. In tafiya ta kama shi zuwa Wara, mota yake bi, ko da kuwa hanyar za ta karya masa ƙugu.

Abokansa suna tsokanarsa, yana dariya tare da su, amma dariyar iyakarta baki. Yana da shekara bakwai mahaifinsa, Malam Salisu, ya shiga jirgin 'yan kasuwa wata safiyar Laraba, jirgin ya daki kututture a tsakiyar ruwa, aka kwana uku kafin a samu gawarsa. Tun daga ranar Inna Ladidi, mahaifiyarsa, ba ta sake taka bakin ruwa ba, ko wanki sai dai a ɗebo mata a jarka. Shi kaɗai ne ɗanta, haka kuma ta rene shi.

Rayuwarsa a tsare take. Da safe ya watsa wa tantabaru gero, ya canja musu ruwa, ya tafi shago. Da la'asar ya dawo ya hau kan katanga yana musu fito, suna zagaya unguwa suna sauka. A cikinsu akwai wata mai ruwan toka da ya fi ji da ita, wadda ya taɓa kaiwa har Birnin Yauri a kwando ya sake ta, ta riga shi isowa gida.

To, kamar ƙaddara na son yi masa shaƙiyanci, duk 'yan matan tudu bai ga wadda ta kwanta masa ba sai Hussaina, mai kawo bandar kifi kasuwa daga wata tunga ta masunta da ke can cikin ruwa. Ta kawo masa gyaran hijabi, magana ta yi magana, har manya suka shiga. Kawunsa ya haye ya kai gaisuwa, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Sai dai mahaifin yarinyar, Baba Idi, ya aiko da magana guda.

"Ba ni ba da ɗiyata ga wanda bai san ƙohwar gidana ba. Shi taho da ƙahwatai, mu ci tuwo tare, sannan a sa rana."

Shamsuddeen ya yi mako biyu yana ɗinka hannun riga a baibai. Yana son Hussaina, ya kuma san ba a janye irin wannan magana. A tungar babu sabis ɗin waya, saboda haka da ya sanar da Inna, ita ce ta kawo dabara.

"Tahi da mai tokan nan taka. In ka taka ƙasa, ka ɗaura mata hwarin zare ga ƙahwa ka sako ta. In na ga zaren, hankalina ya kwanta."

Bai tambaye ta abin da za ta ɗauka in ba ta ga zare ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ranar Asabar da hantsi ya sauka bakin ruwa cikin sabuwar shadda, kwandon tantabara a hannu, zare a aljihu. Jirgin ya cika da buhunan gishiri, jarkokin fetur, babura biyu da wata akuya da ta fi shi natsuwa. Da ya sa ƙafa, katakon ya motsa a ƙarƙashinsa. Ya zauna a tsakiya ya rungume kwandon, yana kallon yatsun ƙafarsa, yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Sun ci fiye da rabin tafiya sai jirgin ya daki wani abu. Ƙarar ba ta da yawa, kamar a buga turmi da taɓarya, amma injin ya mutu, jirgin ya karkata, ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin katako. Matuƙin ya ce kowa ya zauna inda yake, kututture ne, tsoffin itatuwan da ruwa ya cinye. Mata suka shiga salati, maza suka ɗau robobi suna kwasar ruwa. Shi kuwa Shamsuddeen, da ya ji kalmar kututture, sai hannuwansa suka saki komai suka damƙi bakin benci. Kwandon ya faɗi, murfin ya buɗe, tantabarar ta yi fiffike ta tashi.

An cusa tsumma a tsagar, injin ya tashi a ja na biyar, mutane har sun fara raha. Shi bai ji komai ba. Idonsa na kan tsuntsuwar, ta yi zagaye biyu a sama, ta miƙe ta nufi Yelwa. Ya sa hannu a aljihu ya taɓo zaren.

A tunga an yi masa tarba ta girma. An shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, an jera tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa, Hussaina na leƙe ta bayan zana. Baba Idi, baƙin dattijo mai faɗin kafaɗa, ya ce bismilla. Shamsuddeen ya kai hannu, ya janye bai ci ba. Yanzu ba ruwan yake gani ba, Inna yake gani a tsakar gida tana juya ƙafafun tantabara. Jirgin da ya kawo shi ba zai koma ba sai bayan la'asar.

"Ɗana, mi ya hwaru? Miyar ce ba ta yi ba?" in ji Baba Idi.

Ya yi niyyar ya ce zazzaɓi ne. Sai ya ji bakinsa yana faɗin gaskiya gaba ɗaya a gaban surukai: mahaifinsa, Inna, zaren, da cewa yau ce rana ta farko da ya shiga ruwa. Ya ce dole ya koma yanzu, ko a cikin mene ne, in ya so a fasa ba shi Hussaina.

Dattijon ya dube shi, ya nuna masa wani kwalekwale a bakin gaɓa, siriri, mai ɗan ƙaramin inji, wanda mutum uku ma sai sun matsu.

"Wanga kaɗai ag akwai. Kana iyawa?"

"Ba ni iyawa, Baba. Amma mu tahi."

Baba Idi da kansa ya tuƙa. Ruwa na tafiya dab da bakin kwalekwalen, yana fallatso masa a cinya, duk igiyar da ta taso sai ya ji ransa ya fita ya dawo. Dattijon bai lallashe shi ba, ya dai miƙa masa roba ya ce ya riƙa kwasar ruwa, kuma kada ya daina. Haka ya yi ta kwasa, yana kuka ba sauti, shaddarsa ta jiƙe sharkaf.

Ya shirya zai sheƙa gida da gudu, amma bai kai ga haka ba. Tun daga nesa ya hango taro a bakin ruwan Yelwa, a gaban taron kuma wata tsohuwa a tsaye cikin ruwa har gwiwa, mata biyu na jan ta baya tana fizgewa. Inna Ladidi ce, wadda ta shekara ashirin da biyar ba ta zo wurin nan ba, tana riƙe da tantabarar a ƙirji. Da kwalekwalen ya matso, Shamsuddeen ya sauko ya iso wurinta. Ta kama kansa, ta shafa fuskarsa, ta shafa kafaɗarsa, sannan shi ya tallafe ta ya fito da ita tudu.

A nan bakin ruwan Baba Idi ya gaida ta, ya ce tuwo dai ba a ci ba, amma ya ga abin da yake son gani. Aka sa rana bayan sallar layya.

Yau 'ya'yansu biyu. Shamsuddeen yana raka Hussaina ganin gida sau biyu a shekara, da rigar hana nutsewa a jikinsa, kuma har yanzu ba ya ɗaga kai sai an isa. Tantabaru suna nan, sun ma ƙaru, amma bai sake tafiya da ko ɗaya ba. Duk ranar da zai haye, Inna takan sa a kai mata kujera bakin ruwa, ta zauna nan har ya dawo.