Dokin da Muka Saya Saboda Gola

Shekarar da gwiwata ta hana ni buga ƙwallo, a ita kulob ɗinmu ya watse. Lokacin ba a ba Katsina jiha ba tukuna, ni kuma ina da shagon ɗinki a bakin kasuwar Funtuwa. A damina ɗaya muka rasa kusan duk waɗanda ake zuwa fili don a kalla. 'Yan gabanmu biyu suka sami aiki a masaƙa a Kaduna, golanmu ya shiga soja, mai riƙe mana tsakiya ya tafi makarantar horon malamai. Waɗanda suka rage yara ne masu gudu da zuciya, amma da ƙwallo ta zo ƙafarsu sai su rikice. Da kaka muka je Malumfashi wasa, aka yi ta zura mana har na daina kallon raga.

Uban kulob ɗinmu wani Alhaji ne mai cinikin hatsi da auduga. Bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa, amma in ana wasa ba ya iya zama, sai ya yi ta bin layi yana tattare babbar riga. Washegari da hantsi ya zo shagona ya zauna a benci, ya ce tunda ƙafata ta mutu, idona bai mutu ba, ni zan sake haɗa kulob. Ya ce ya ware kuɗin sabon babur guda, in nemo masa mutum ɗaya da ya cancanci a ba shi, sauran kuma in san dabarar da zan yi. Ranar ban iya zura zare a allura ba don murna.

A wancan zamani ba wanda ake biya albashi don ƙwallo. Ɗan wasa ana samun sa ne da aiki, ko ɗakin kwana, ko keke, ko a tsaya masa a hidimar aure. Haka na fara. Na samo wani ɗan baya mai ƙafar hagu na zaunar da shi a shagona yana koyon ɗinki. Alhaji ya ɗauki wa da ƙane daga Bakori ya sa su a wurin sikelin auduga, da yamma su zo fili. A hankali sai kulob ya fara kama da kulob.

Babur kuwa kowa a gari ya san wanda za a ba. Akwai wani saurayi haifaffen Funtuwa, iyayensa Ibo ne masu sayar da kayan gyaran keke da babur a Sabon Gari. Hausarsa ta fi tawa kyau, kuma ban taɓa ganin mai buga lamba tara kamarsa ba. Yakan juya da ƙwallo kafin mai tsaronsa ya gane ya karɓa. Kulob ɗin samarin coci yake buga wa, sai aka yi wa fadan cocin da ke kula da su canjin wurin aiki, kulob ya mutu, ya zama ba shi da inda zai buga. Mutanen Malumfashi ma sun ji labari, har sun fara aiko masa da gaisuwa. Na je shagonsu na gaida mahaifiyarsa, wadda ita ke yanke magana a gidan. Ta ba ni kujera da lemo, ta ce ɗanta zai buga wa wanda ya fara kawo babur ƙofar shagonta, don yaron yana bukatar abin kai kaya ƙauyuka. Na fito ina jin magana ta ƙare.

Ana cikin haka na kai wa wani ango ɗinkinsa wani ƙauye kusa da Danja. Bayan la'asar ina shirin dawowa sai na ji ihu daga filin firamare, na tura kekena na leƙa. Samarin ƙauyen ne ke wasa da malaman makarantun yankin. Malamai suna da takalma da riguna iri ɗaya, sun kuma fi su iya wasa nesa ba kusa ba, amma sun kasa cin ko ɗaya. A tsakanin sandunan gora biyu akwai wani dogon saurayi ba takalmi, tafin hannunsa kamar faranti. Ba kamun ƙwallon kaɗai ya tsayar da ni ba. Bakinsa ba ya shiru, yana kiran kowane ɗan bayansa yana gaya masa inda zai tsaya, su kuma suna bi. Ni da na yi shekaru ina buga baya, na san abin da gola irin wannan yake yi wa zuciyar mutum. Na jingine keke na zauna a ƙasa har aka tashi, ban ko tuna da ciwon gwiwa ba.

Da na yi wa golan magana sai ya yi dariya ya ce yana so, amma sai dai in ga Baba. Da safe na koma na tarar da dattijon a gonar rake, inda suke yin mazarƙwaila. Doki ne ke zagayawa yana juya injin matse rake, ruwan yana zuba a garwa, ana dafawa a manyan kasake. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya nuna mini dokin da haɓa. Ya ce dabbar ta tsufa, kafin rana ta take ta gaji, dole a kwance ta ta huta, aikin da ya kamata a gama da azahar sai ya kai su magariba. Ranar da na ga yaron a fili ma don ranar hutu ce. Ya ce shi bai hana ɗansa wasa ba, rake ne ya hana shi.

Duk hanyar dawowa ina taka keke ina magana ni kaɗai. Kai tsaye na wuce rumbun Alhaji na same shi ana auna masa masara. Na ce masa na samo mutumin, amma ba babur za a saya ba, doki za a saya. Ya dube ni ya ce ko rana ce ta buge ni a hanya. Na zauna na yi masa bayani. Na ce lamba tara zai ci mana ɗaya ko biyu, amma da irin ragar da muke da ita za a rama mana ninkin haka, yaranmu kuma ba za su taɓa koyon wasa ba muddin suna tsoron bayansu. Ya ce duk gari za a yi masa dariya, a ce Malumfashi na sayen 'yan wasa shi yana sayen dabbobi. Muka yi ta ja har aka kira sallah. Daga ƙarshe ya ce sai ya gani da idonsa.

Ranar hutu ta gaba muka tafi a motarsa ta ɗaukar hatsi. Ba a yi rabin wasa ba na ga Alhaji ya tattare riga ya fara bin layi, a filin da bai san kowa ba. Da aka tashi ya riƙe hannun yaron yana juya shi yana kallo, sannan ya juyo gare ni.

"Kai tela, a ina ake samun doki mai ƙarfi?"

Dattijon da kansa ya bi mu kasuwar dabbobi, don Alhaji hatsi ya sani, ni kuma yadi. Ya buɗe bakin wannan ya duba haƙora, ya ɗaga kofaton wancan, ya ƙi guda uku da suka burge mu, ya zaɓi wani gajere ja mai faɗin ƙirji wanda ni ko kallonsa ban yi ba. Da aka shirya, ya ce da Alhaji daga yau yaro nasa ne kowace la'asar, amma da safe na rake ne. Alhaji ya ce ya yarda, ya ƙara masa da tsohon keken gidansa don zirga-zirga. Yaran kulob suka ce ba wanda zai kai dokin sai su. Suka sa shi a tsakiya suna tafi suna waƙa har ƙauyen, mata suna leƙowa ta katanga suna tambayar wa aka naɗa.

Saura abin da nake jin nauyi, wato komawa Sabon Gari. Mahaifiyar lamba tara ba ta yi fushi ba. Ta ce ta gode da na zo da ƙafata na faɗa, ciniki ne bai faɗa ba. Ba a yi mako ba mutanen Malumfashi suka kawo babur ƙofar shagonta. Bayan kwana kaɗan sai ga saurayin a shagona, ya jingine sabon babur a waje, ya shigo yana sunkuyar da kai da wani abu a leda. Rigar kulob ɗin Malumfashi ce, ta yi masa yawa, kuma ya ce shi bai saba da ɗinkin kowa ba sai nawa. Na gwada shi na rage masa ita tsaf. Da zai fita ya ce in gaya wa golan nawa ya shirya.

Golan kuwa ya canza mana fili tun yammacin farko. Takalmin da muka saya masa ya matse shi, sai da aka aika Zariya aka samo daidai ƙafarsa. Yakan iso da ƙamshin rake a jikinsa, wani lokaci da ƙullin mazarƙwaila a bayan keke, ya raba wa yara. Cikin ɗan lokaci ɗan ɗinkina da 'yan Bakorin nan suka daina buga ƙwallo sama don tsoro, suka fara ɗaga kai suna neman wanda za su ba.

Da rani Malumfashi suka zo mana. Ban taɓa ganin filin nan ya cika haka ba, har kan bishiyoyi da rufin motoci. 'Yan Sabon Gari sun fito kaf, ba su san ma wa za su goya wa baya ba. Tun farawa lamba tara ya kuɓuce wa mutum biyu ya saki wata ƙwallo da na riga na rufe ido, sai na ji fili ya ɗauka. Golanmu ya tashi sama ya ture ta da yatsu. Haka suka yi ta yi su biyu, wannan ya buga wancan ya kama, har aka tafi hutu ba ci. Bayan an dawo lamba tara ya sami wata a kusa, ya yi kamar zai buga dama ya tura hagu, ta shiga. Bai yi tsalle ba, ya juya ya koma tsakiya, amma na ga 'yan garinmu da yawa sun tafa masa kafin su tuna.

Na ɗauka yaranmu za su karaya kamar da. Sai na ji muryar gola daga baya yana kora su gaba. Ana dab da tashi muka sami bugun kwana. Aka bugo, mutane suka cure a bakin raga, ƙura ta tashi, sai kawai muka ga ƙwallo a ciki. Har yau mutum uku ne ke cewa su suka ci. Alhaji ya ruga cikin fili hularsa ta faɗi bai sani ba, ni ma na bi shi da ɗingishi. An tashi kunnen doki, amma aka ɗauki gola a kafaɗa aka zagaya da shi kamar mun ɗauko kofi.

A bakin fili na tarar da dattijon mai rake, ashe ya zo kallo, karonsa na farko. Na tambaye shi yadda ya gani. Ya ce wasa ya yi kyau, sai dai bai gane dalilin da kowa ke yawo a fili an bar ɗansa tsaye wuri ɗaya ba.

Washegari ko shago ban gama buɗewa ba Alhaji ya iso, muryarsa a dishe. Ya ce wani mai kawo masa dawa ya ba shi labarin wani malamin firamare a Dandume da ke buga gaba da ƙafa biyu, an ce kuma yana neman canji zuwa gari. Na ce ina da ɗinkin mutane a gabana. Ya ce ɗinki ya jira, motar hatsi za ta tashi yanzu, akwai wuri a gaba. Na bar wa yarona almakashi, na ɗauki hulata na bi shi.